Wanda Aka Bari a Gaɓa

Ƙanen mijina, Eckhard, ya gudu daga nan Jamus ta Gabas zuwa Jamus ta Yamma a kakar 1978, cikin wani ɗan kwale-kwalen roba da ya saya a ɓoye. Ba wanda ya sani a gidan. Da safe surukata ta dafa masa ƙwai kamar kullum, ta hau sama ta tarar da gado a gyare. Kafin rana ta take, 'yan Stasi, wato 'yan sandan ciki na gwamnati, sun cika mana tsakar gida.

Mijina Hartmut masunci ne, kamar ubansa. Shi suka fara ɗauka. Ya yi kwanaki a hannunsu a Rostock suna yi masa tambaya guda, yana ba su amsa guda, cewa bai sani ba. Da suka gaji suka sake shi, amma suka karɓe takardar izininsa ta fita teku. Ƙungiyar masunta ta mayar da shi ɗakin kyafa kifi. Fiye da shekara goma ya yi yana kallon abokansa suna fita da asuba, shi yana jera kifi a kan ƙarfe.

Eckhard kuwa wani jirgin fasinja ne ya tsince shi a tsakiyar ruwa. Ya zauna a Hamburg, ya yi aure, ya haifi ɗa guda mai suna Malte. Lokacin da surukata ta rasu ba a bar shi ya zo jana'iza ba. Sai bayan faɗuwar katangar Berlin muka gan shi, ya yi ƙiba, ga babbar mota da ta kasa shiga lungunmu. Wa da ƙane suka yi musabaha a bakin ƙofa. Daga nan sukan haɗu lokacin Kirsimeti, su yi hirar injin jirgi da yanayin sama. Teku ta buɗe wa kowa, amma ƙungiyar masunta ta rushe, aka sayar da jiragen a matsayin tsohon ƙarfe. Sai ni da Hartmut muka kafa rumfar kyafaffen kifi a bakin tashar jiragen ruwa, muna sayar wa 'yan yawon buɗe ido.

Malte yaro ne mai shiga rai. Yakan zo mana hutu tun yana ƙarami, ya bi Hartmut duk inda ya sa ƙafa. Da ya girma ya karanci harkar fim. Wata rana ya zo ya zauna a kicin ɗina, ya cinye rabin kek, sannan ya ce, "Baffa, na samu masu ɗaukar nauyi. Zan yi fim a kan tafiyar Baba. A nan nake so a ɗauka, kuma ba zan iya ba sai da kai."

Hartmut ya ce, "Ni me na sani a fim?"

"Ka san ruwan nan."

Na ga yadda kunnuwan mijina suka yi ja. Rabon da wani ya ce masa haka, na manta.

Da bazara suka zo da manyan motoci. Abu na farko da suka yi shi ne shafa wa bangon tasha wani fenti ruwan toka. Wata yarinya ta zo ta roƙe ni in kwashe tukwanen furanni daga tagogina. Na samu Malte na ce, "Kai, furannin nan tun zamanin kakarka suke a tagar nan. An ce maka Gabas ba ta da fure?"

Ya yi dariya ya rungume ni. "Tana da shi, Gwaggo Roswitha. Amma idan mai kallo ya ga fure, ba zai gane dalilin da mutum zai gudu ba."

Rabin ƙauyen aka ɗauka su tsaya a layin kanti, sanye da tsofaffin kwat. Ana ta yi musu gargaɗi kada su yi murmushi. Maƙwabciyarmu, matar Lüdtke, ta ce ita a layin kanti ta fi shan dariya a rayuwarta, don a nan ake jin wanda ya kwana a gidan wa. Aka ce ta yi haƙuri ta sunkuyar da kai.

Wanda zai fito a matsayin wan mai gudun, wani dogon mutum ne daga Munich, mai ladabi ƙwarai. A fim ɗin sunansa Jochen. Ya maƙale wa Hartmut kamar inuwa. Ya koyi tafiyarsa ta mai jan ƙafar hagu, ya koyi yadda yake goge hannu a cinya kafin ya gaisa da mutum. Har ya roƙi a ara masa shuɗiyar rigar sanyin da na saƙa wa Hartmut tun muna sabon aure, wai ta masu kayan fim ba ta da rai. Ni da kaina na ɗauko masa ita. Malte ya ce zai turo mana labarin a rubuce mu karanta. Bai turo ba, mu ma ba mu tambaya ba. Abin da aka ɗauka a gabanmu duk ruwa ne da jirage da layin kanti. Sauran a Berlin suka yi.

Bayan shekara guda aka gayyace mu kallon farko a wani gidan silima a Wismar. Ƙauyen ya yi hayar bas. Hartmut ya sa kwat ɗin da ya sa ranar auren 'yarmu Anke. Aka zaunar da mu a gaba, kusa da Eckhard da matarsa.

Ba zan ce fim ɗin bai yi kyau ba. Ban taɓa ganin tekunmu ta yi kyau haka ba. Mutane suna ta zungurar juna idan sun ga kansu. Sai aka zo inda ƙanen ya samu wansa a rumfar gyaran raga, ya ce masa yau zai tafi. Jochen ya goge hannu a cinya, ya rungume shi, suka daɗe a haka. Na ji Hartmut ya ja numfashi a gefena.

Daga nan aka nuna Jochen yana tafe shi kaɗai, yana jan ƙafar hagu, cikin rigar da na saƙa. Ya shiga ofishin ƙungiya, ya rufe ƙofa, ya ɗaga waya ya kira 'yan Stasi. Ya faɗi sunan ƙanensa, ya faɗi gaɓar da zai tashi.

Zungure-zunguren ya tsaya. Ban juya ba, amma na san inda idon kowa yake.

Sauran na gan shi ne kamar ta cikin ruwa. Jiragen masu gadin iyaka suka fito da fitilu, ƙanen ya sha da ƙyar. A ƙarshe katanga ta faɗi, jama'a na rawa a kanta, ƙanen ya dawo gida, Jochen ya durƙusa a kan yashi yana kuka, shi kuma ya ɗago shi ya yafe masa. Aka kunna fitila, aka yi ta tafi. Malte ya hau dandamali ya yi godiya, sannan ya ce, "Akwai mutum guda da in ba don shi ba da babu fim ɗin nan. Baffa Hartmut, don Allah ka miƙe su gan ka."

Ya miƙe. Aka tafa masa.

Na tare Malte a bakin ƙofa, riƙe da kofin giya. Na ce, "Me ka yi mana haka?"

Da gaske bai gane ba da farko. Ya ce, "Gwaggo, ai ba Baffa ba ne. Jochen ne. Ƙirƙirarsa na yi."

"Da ƙafar wa yake tafiya?"

"Wannan aikin ɗan wasa ne. Kin gane, masu ɗaukar nauyin sun ce labarin ba shi da mugu. Mutum da teku kawai ba za su riƙe mai kallo ba. Kuma abin ya faru a gidaje da yawa, ba ƙarya na yi wa tarihi ba."

"A gidanmu fa?"

Ya ce, "Kowa ya san fim ne." Wani ya ja hannunsa zuwa wajen masu hoto.

A bas ba wanda ya ce mana komai. Matar Lüdtke ta miƙo mana alewa ta bayan kujera, ba ta kalle mu ba.

A watan Nuwamba, lokacin bikin tunawa da faɗuwar katanga, aka nuna shi a talabijin ƙasa baki ɗaya ta gani. Washegari Anke ta bugo daga Stuttgart. Ta yi ta zagaye-zagaye, ta tambayi ƙafata, ta tambayi ciniki. Can ta ce, "Mama, in tambaye ki wani abu, kada ki ji haushi. Baba yana kusa?"

Na ce yana waje.

"A wurin aiki suna ta tambayata. Ni ina jaririya a lokacin, ban san komai ba. Akwai wani abu da ya kamata in sani?"

Na ce, "Ubanki ya yi shekara goma yana warin hayaƙi saboda tafiyar da ba a ko gaya masa ba. Wannan ne abin da ya kamata ki sani." Ta fashe da kuka ta ce ta sani, kawai so take ta ji daga bakina. Da na ajiye wayar na juya, sai ga Hartmut a tsaye a ƙofar kicin da bokiti a hannu. Ya ajiye bokitin ya koma waje.

A mashayar tasha akwai teburin da tsofaffin masunta ke zama kowace Juma'a da yamma. Da wasa abin ya fara. Yana shiga sai wani ya ce, "Ku yi shiru, ga Jochen nan." A yi dariya, shi ma ya yi. Wani ya ɗaga hannu kamar mai riƙe da waya. Mutanen nan tare suka tashi da shi, sun san ranar da aka ɗauke shi, sun san ranar da aka sako shi. Amma wata Juma'a, bayan kwalabe sun yi yawa, ɗan'uwan Lüdtke ya ce, "Ni dai abin da ya daɗe yana ba ni mamaki, wasu daga gidansu aka gudu aka kore su daga bakin ruwa gaba ɗaya. Kai kuwa aka bar ka a gidanka, har da aiki." Ba wanda ya yi dariya, ba kuma wanda ya ce masa ya rufe baki. Hartmut ya biya kuɗin giyarsa ya taho. Bai sake komawa ba.

Baƙi kuma suka ƙaru. Suna zuwa da hotunan fim ɗin a wayoyinsu suna neman gaɓar da aka tashi. Wasu kan tsaya a rumfarmu, su kalli Hartmut yana tafiya, su taɓa juna. Wata dattijuwa daga Cologne, mai kirki da gani, ta kama hannunsa bayan ta karɓi kifinta, ta ce, "Ina so ka sani ni ban ga laifinka ba. Mu da muke can ba mu san irin matsin da kuka sha ba." Ya ce mata ya gode.

Na ce masa ya je Rostock ya nemi a buɗe masa takardun da 'yan Stasi suka tara a kansa, kamar yadda mutane da yawa suka yi, ya kawo ya ajiye musu a teburin mashaya. Ya ce, "Wato in je in roƙi mutanen da suka hana ni teku su ba da shaidar ni mutumin kirki ne?" Ban sake tayar da maganar ba.

Sai na kira Eckhard. Na ce masa idan yana da sauran kunya ya zo. Ya zo cikin Janairu, da rana, shi kaɗai. Na dafa kofi na yanka kek, suka zauna suna fuskantar juna a teburin uwarsu. Ban fita ba, don kicin ɗina ne.

Eckhard ya fara da cewa yaron bai yi da mugun nufi ba.

Hartmut ya ce, "Na sani. Kai nake tambaya. Ka karanta labarin kafin a ɗauka?"

"Na karanta."

"Ka ce masa ba haka aka yi ba?"

Eckhard ya juya cokali a kofi. "Na ce masa ban sani ba."

"Ba ka san me ba?"

"Yaya, a daren nan jirgin masu gadi ya fito. Fitilarsu ta wuce ta kaina, na kwanta a cikin kwale-kwalen ina jin injinsu. Shekara da shekaru ina tambayar kaina yadda aka yi suka san inda zan bi."

"Kullum suna fitowa. Aikinsu ke nan. Kai ma ka sani."

"Na sani. Amma mutum idan yana can shi kaɗai, tunani iri-iri yake yi."

Hartmut ya ɗora hannayensa biyu a kan tebur. "To ta yaya zan faɗa musu abin da ban sani ba? Ba ka gaya mini za ka tafi ba."

"Na gaya maka."

"Yaushe?"

"Da yammar ranar. A rumfar raga. Kana zaune a kan akwati, na ce maka..." Sai ya tsaya.

Na ce, "Eckhard, rumfar ragar nan bayan tafiyarka aka gina ta. Hartmut na cikin waɗanda suka ɗora mata rufi. Lokacin da kake nan fili ne, ana shanya raga a kan sanduna."

Ya kalle ni, ya kalli wansa. Fuskarsa ta yi fari. Ya ce, "Ina ganin wurin. Har warin kwalta nake ji." Ya ce lokacin da Malte yake haɗa fim ɗin yakan kira shi ya zo ya duba, ya kalli wannan wurin ba adadi, har yakan yi kuka. Ya ce yanzu idan ya rufe ido ya nemi ainihin ranar, ba ya samun komai sai fuskar mutumin Munich.

Hartmut ya ce, "Ranar da yamma ka zo ka ari famfon kekena. Ka ce gobe za ka dawo da shi. Shi ke nan abin da ka ce mini."

 Kofi ya huce. Can Hartmut ya ce, "Tun da ka zo, bari in tambaye ka abin da ban taɓa tambayarka ba. Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Don in kare ka. Idan ba ka sani ba, ba abin da za su matse daga bakinka."

"Haka nake gaya wa Mama har ta rasu. Yanzu gaya mini na gaskiyar."

Eckhard ya kalli taga. Ya ce, "Kana da mata da jaririya. Suna maganar ba ka jirginka na kanka. Na ce a raina, idan suka sa ka zaɓa... Ban yarda da kowa ba a lokacin, Yaya. Har kai."

Hartmut ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce, "Ashe yaron bai ƙirƙiri komai ba. A wurinka ya samu." Ya tashi ya sa hularsa, ya ce wuta na jiransa a ɗakin kyafa.

Ban zaci Eckhard zai kwana ba, amma ya kwana. Washegari Juma'a ce, ya tafi mashaya shi kaɗai, ya tsaya a kan teburin masunta ya ce musu wansa bai san komai ba game da tafiyarsa, bai kai shi ƙara ba, fim ɗin ƙarya ne a wannan wurin. Suka ce haba, wa ya ce wani abu, ai wasa ake yi, zauna a kawo maka giya. Bayan mako guda na ji a gidan burodi ana cewa ƙanen ya zo ya rufa wa wansa asiri, kuma hakan ya nuna shi ɗan halak ne.

Malte ya zo da bazara. Ya zauna a inda ya saba zama, bai taɓa kek ba. Ya ce ya sa an ƙara rubutu a farkon fim ɗin cewa mutanen ciki duk ƙirƙira ne. Ya ce da zai iya janye shi da ya janye, amma ba nasa ba ne yanzu, na masu kuɗin ne. Ya yi kuka sosai. Hartmut ya dafa kafaɗarsa ya ce ya isa, ya tambaye shi ko motarsa na shan mai da yawa. Na ga rubutun daga baya. Yana fitowa da ƙananan haruffa a kan hoton teku, kafin mutum ya gama zama ya ɓace.

Fim ɗin ya ci kyaututtuka. Duk Nuwamba sai an maimaita shi, an ce har a makarantu ana nuna wa yara don su san yadda muka rayu. Eckhard kan bugo waya ranar Lahadi yanzu, abin da da ba ya yi. Ina jin su suna maganar iska da farashin man jirgi, wani lokaci su yi shiru dukansu, ba wanda ya ajiye. A rumfa kuwa mun raba aiki. Ni nake gaba ina sayarwa, Hartmut yana baya wajen wuta inda ba a hango shi.

Bara majalisar ƙauye ta kira taro a ɗakin 'yan kwana-kwana. Ana so a kafa allo a gaɓar, da hoton 'yan wasan biyu rungume da juna da sunan fim ɗin, don baƙi su daina ɓata hanya suna tattake gonar mutane. Na ce wa Hartmut mu je mu ƙi. Ya sa kwat ɗinsa muka tafi. Shugaban ya yi bayani, ya ce idan akwai mai magana ya yi, yana faɗa yana kallon takardar gabansa. Na zunguri Hartmut, bai motsa ba. Da aka ce masu goyon baya su ɗaga hannu, ya ɗaga nasa tare da kowa. Ni kaɗai na ƙi.

A hanyar gida na yi gaba na bar shi, don raina ya ɓaci. Sai da muka kai kwanar coci na tsaya ya iso. Na ce, "Don me ka yi haka?"

Ya ce, "Da na ƙi, me kike ganin za su ce?"

 Na kama hannunsa, don hanyar da santsi, muka ƙarasa gida.